Kundin awon motsi: masu ciwon zaizayewar tsoka a Agege da Idi-Araba, Legas

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Jiya da yamma na karɓo na'urorin, guda huɗu, aro daga wurin wani malamina da ya gama nasa aikin da su. ActiGraph ake ce musu. Kowace ja ce, ba ta fi kwalin ashana ba, an zura ta a ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ƙugu ta ɓangaren dama. Ba ta da fuska irin ta agogo, ba ta ƙara. Aikinta ta riƙa jin girgizar jiki ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama, sau 30 a kowace daƙiƙa, ta adana har ranar da za a jona ta da kwamfuta.

Tambayar da na ɗauko gajera ce. Mutumin da tsokarsa ke zaizayewa, yaya yawan motsinsa yake a rana ta gaskiya, a tsakar gidansu da layinsu? A ɗakin gashi rabin awa nake ganin yaro a wata. Wani ya ƙure kansa don ya burge ni, wani kunya ta hana shi ɗaga ƙafa. Sauran kwanakin labari kawai nake ji, kuma na uwa daban, na uba daban.

Ciwon iri-iri ne, ba guda ba. Mafi yawa a yara, kuma mai tsanani, shi ne Dushen, mai sunan likitan Faransa Guillaume Duchenne da ya bayyana shi a shekarun 1860. Maza yake kamawa, kusan ɗaya cikin jarirai maza 3,500 zuwa 5,000. Jikinsu ba ya yin wani sinadari mai suna distirofin, wanda ke kare zaren tsoka kada ya yage in ana aiki da shi. Akwai Beka, inda sinadarin yake nan amma bai cika ba, shi ya sa ciwon ke tafiya a hankali. Akwai kuma mai kama ƙugu da kafaɗa, wanda bai ƙyale mata ba.

Ƙanina ya rasu a Zariya yana da shekara 17, har ya koma ga Allah shan inna muke cewa. Sai da na shiga karatun fisiyo, wato aikin gashin ƙashi, na ga zanen yaro yana tashi daga ƙasa, ya dafa gwiwa, yana hawa cinyarsa da hannu kamar mai hawa tsani, alamar da William Gowers ya bayyana a 1879. Na rufe littafin na fita waje. Haka yake tashi daga tabarma kullum, muna yi masa faɗan kasala.

Asabar, 25 ga Janairu

Sati biyu na gaisuwa. Takardar kwamitin ɗa'ar bincike, da duk hatiminta, ba ta buɗe ƙofar gidan mutane. Maigidana ya raka ni wurin masu unguwa da limamai a Agege, yayata kuma ta haɗa ni da malaman Islamiyyar matan aure a Idi-Araba. Ranar Juma'a aka yi sanarwa a masallatai biyu.

An kawo mini mutane fiye da yadda na zata, kusan kowa da kalma ɗaya a bakinsa: shan inna. Wasu ita ce da gaske, manya da ta kama tun suna goye, tun kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayarta ta daji a Agustan 2020. Wasu shawara ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa a satin haihuwa, wasu sanƙarau. Bambancin da na yi ta nanatawa shi ne, shan inna zuwa ɗaya take yi, ta fi cin ƙafa ɗaya a kan 'yar'uwarta, ta tsaya nan. Wannan kuwa yaro yakan fara tafiya, ko da a makare, sannan a ga yana yawan faɗuwa, ba ya iya gudu da sa'anninsa, sha-raɓarsa ta cika tim kamar ta ɗan ƙwallo alhali babu ƙarfi a ciki. Ƙafafun biyu tare suke ja da baya, bana ta fi bara.

Waɗanda na ce wa ba sa cikin aikin na rubuta wa kowannensu inda zai je. Duk da haka na ga yadda jikin iyayen ya yi sanyi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mutum tara ne suka tabbata. Huɗu dama ina ganinsu a asibiti, sauran likitan jijiya ya duba su aka yi musu gwajin jini na CK, sinadarin da ke zubowa cikin jini in tsoka na lalacewa, wanda a Dushen yakan ninka na mai lafiya sau 10, wani lokaci har sau 100. Yara maza shida, 'yan shekara 6 zuwa 11, magidanta biyu, mace ɗaya. Ba zan kira sunan kowa a kundin nan ba.

Gidan farko da na shiga, kakar yaron ta karɓi ɗamarar ta juya ta a hannu.

"'Yar nan, wannan gurun wane malami ya haɗa shi?"

"Hajiya, ba magani ba ne. Ba ya warkarwa, ba ya cutarwa. Awo kawai yake yi, kamar mudu."

"To in kin auna, sai me?"

Na ce mata in mun san yadda yake yini, za mu san abin da za mu ƙara masa da abin da za mu rage. Ta yi shiru, sannan ta ɗaura masa da kanta, da bismilla. Tun daga nan na mai da shi doka a kowane gida: kafin komai sai na faɗa sau biyu cewa wannan abu ba waraka ba ne. Mutanen da suka zaga gidan malamai da masu magani har suka gaji, zalunci ne a bar su su rataya fata a jikin roba.

Wani uba kuma tsoronsa ko tana ɗaukar magana. Na buɗe kwamfuta na nuna masa abin da ke fitowa, layuka masu hawa da sauka, babu murya, babu taswira.

Ƙa'idar da masu irin wannan aiki ke bi: a sa kwana 7, ranar da za a lissafa sai an sa ta aƙalla awa 10, kuma a samu kwana 4 masu kyau, ɗaya daga ciki ƙarshen mako. Amma ƙarshen makon wa? Ɗan makarantar allo Alhamis da Juma'a yake hutu, ɗan boko Asabar da Lahadi, mai shago ba ya da ko ɗaya. Na yanke cewa dole Juma'a ta shiga lissafin kowa, don ita ce ranar da ko mai ciwo ake ƙoƙarin fita da shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na sauke bayanan rukunin farko, na kwana ina dubawa.

Manhajar tana mai da girgiza zuwa maki a kowane minti. Ƙasa da 100 ta ce zama ne. Kafin ta ce babba ya yi matsakaicin aiki sai ya kai 1,952, adadin da aka fitar a Amurka a 1998 daga manya masu lafiya suna tafiya a kan injin motsa jiki. Na yara 2,296. Da wannan mudu, ɗan shekara 10 na Agege kusan bai yi komai ba sati guda: zama, zama, ɗan motsi mara nauyi, zama.

To amma ranar Laraba ina gidansu. Na ga ya tashi daga bakin ƙofa, tashin da ya ci masa lokacin da wani zai sha kofin ruwa, ya ratsa tsakar gida yana rangaji, ƙirji a gaba, dunduniya a ɗage, ya cika buta, ya dawo. Da ya zauna gumi na bin wuyansa, yana haki. Na duba agogo na rubuta lokacin. A kwamfuta wannan minti uku suna ƙarƙashin aiki mara nauyi, aji ɗaya da mai lafiya yana ninke kaya.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ƙugunsa bai girgiza da ƙarfi ba, abin da aka ce ta ji ke nan. Abin da tafiyar ta ci a jikinsa ne ba ta da kunnen ji.

Yau da hantsi, kafin a fara taruwar azahar, liman ya ba mu harabar masallaci muka yi gwajin tafiyar minti 6. Na auna mita 25, tsawon da ake amfani da shi ga yaran Dushen, na ajiye buta a kowane ƙarshe, yayan yaron na biye da shi a baya saboda faɗuwa. Ni kuma ina ƙirga takunsa da carbin yatsa, irin mai dannawa. Da na gwada da abin da na'urar ta ba ni, ta zubar da taku da yawa. Sanannen rauninta ne: in tafiya ta yi sanyi, ta ƙugu takan rasa taku. Wato wanda ya fi kowa buƙatar a ƙirga masa daidai shi ta fi yi wa ƙwange.

Na yi tunanin haɗawa da bugun zuciya, sai dai yaran Dushen da yawa zuciyarsu na gudu ko suna zaune. Na koma kan yatsu. Bayan kowane aiki in tambayi yaro, wahalar yatsa nawa? Ɗaya, ba komai. Biyar, na kusa faɗuwa. Cika buta ya ɗaga mini huɗu.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata. Na so in dakata, don yini ya juye: safiya barci, dare motsi. Daga baya na ga ai wata guda ne cikin rayuwarsu kowace shekara, sai na ci gaba da manya uku, na ware bayanan daban.

Tela na Agege, mai Beka, ɗan shekara 30 da 'yan kai, shi ya ba ni abin da na fi amfana da shi tun da na fara. Ina nuna masa layukan dare, inda ruku'u da sujada suka fito jere kamar haƙoran zarto, sai ya ce:

"Malama, ni ai ina da nawa awon. Shekara uku da suka wuce ina tsayuwar asham duka. Bara raka'a shida nake kaiwa in zauna. Bana huɗu."

"Malam, rubutawa kake yi?"

"Wa ke manta irin wannan?"

Liman ɗaya, masallaci ɗaya, wata ɗaya, jiki ɗaya. Bai gwada kansa da matashin Amurka a kan inji ba, da kansa na bara ya gwada. Na dawo gida na soke shafin da nake raba mutane aji-aji da makin masu lafiya. Daga yau kowa da kansa zan auna shi: satinsa na rani da satinsa na damina, na bana da na baɗi in Allah ya kai mu.

Na kuma zaga gidajen yara uku da ke shan firednisolon, maganin da ke rage saurin ciwon, don na ji ɗayansu ya matsa sai ya yi azumi. Maganin nan ba a yanke shi farat ɗaya, yin haka na iya kayar da yaro. Duk wani sauyin lokaci sai da likitan da ya rubuta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ɗan shekara 8 na Agege, wanda da ƙyar yake hawa dakali, na'ura ta ce ranar Talata ya yi kusan awa biyu yana aiki mai ƙarfi. Na kira mahaifiyarsa. Ashe ranar asibiti ce: Keke Napep zuwa bakin titi, danfo ta Oshodi zuwa Mushin, wani keken zuwa Idi-Araba, sannan dawowa. Ramukan hanya na'urar ta ƙirga.

Wani kuma kullum bayan asuba da bayan la'asar sai a ga motsi mai tsari, awa guda cur. Karatun allo ne, yana rausaya gaba da baya. Wannan ban cire ba, na yi masa alama kawai, don tsokar bayansa da ta cikinsa ke yin aikin, kuma ranar da rausayar ta ragu ina son in sani.

Wanda ya fi damuna na uku ne. Manhajar tana da doka: in aka yi minti 60 babu girgiza ko kaɗan, ta ɗauka an cire na'urar an rataye a ƙusa, ta goge lokacin. Ga mai lafiya daidai ne, ba wanda zai yi awa guda bai muskuta ba. Babban yaronmu, ɗan shekara 11, ta goge masa awanni a kwana uku. Na tambaya, aka rantse mini bai cire ba. Yana kwance a ɗaki, uwar ta tafi kai abincin sayarwa, ba mai tayar da shi. Yaro na nan da ransa yana kallon rufi, kwamfuta ta rubuta babu kowa.

Na buga takardar yini ga kowane gida. Ban sa awanni ba, na sa asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, isha, kowace da gurbin abin da aka yi, da ko an hau abin hawa, da ko an cire don wanka. Mai boko ya rubuta da boko, mai ajami da ajami. Gida biyu saƙon murya suke turo mini ta WhatsApp bayan isha, kuma nasu ya fi na kowa cika.

Asabar, 17 ga Mayu

Na gwada takardar tambayoyi ta IPAQ, mai tambayar mutum yawan motsa jikinsa a mako, a kan manya ukun. Tana da fassarar Hausa da masu bincike a Jami'ar Maiduguri suka yi suka gwada, aka wallafa a 2011, kuma Hausarta ta zauna. Matsalar tana tambayar kwana nawa ka yi tafiyar aƙalla minti 10 a jere. Matar Idi-Araba ta yi dariya ta ce, "Anti, in na yi minti goma a tsaye ai sai a kawo tabarma." Takarda ta ba ta sifili, na'urar ƙugu ma kusan haka.

Matar nan awara take soyawa. A zaune take tace waken suya, ta matse, ta yanka, ta juya a kasko, tun hantsi har yara su taso daga Islamiyya. Hannunta ba ya hutawa. Na mai da na'urarta wuyan hannu, da sharaɗin ta cire lokacin alwala ta mayar. A ma'aunin Brooke na hannu, mai mataki 1 zuwa 6, tana na 3: ba ta iya ɗaga hannu sama da kai, amma tana kai kofin ruwa baki. Ɗaurin ɗankwali 'yarta ke yi mata. Ta ce ranar da ta kasa ɗaga matsami ita ce ranar da take tsoro, ba ranar keke ba.

Iyayenta 'ya'yan wa da ƙani ne. Irin nata nau'in yawanci sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa. Dushen ba haka yake ba, kuma ina lura kada in haɗa su a baki ɗaya.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai tun bayan babbar salla. Zagaye na biyu ya nuna abin da ban shirya masa ba.

Ɗan shekara 9 na Agege: tafiyar mita 10 da na auna masa da agogo kusan daidai take da ta Fabrairu, tashinsa daga ƙasa ma haka. A ma'aunin North Star na tashi da tafiyar yaran Dushen, mai ayyuka 17 da maki 34, maki ɗaya kawai ya rasa. Amma motsinsa na mako ya faɗi warwas. Da a takarda kawai na gani, da na rubuta ciwo ya ci gaba.

Na je gidan. Ƙofarsu gwata ce a gaba, an ɗora katako ɗaya mai faɗin tafin hannu biyu. Da rani yana bi a hankali. Yanzu katakon ya jiƙe ya yi gansakuka, ya zame sau ɗaya ya faɗa har ƙugu, uwar ta ce ba zai ƙara ba. Ga shi a makarantarsu an mai da ajinsu bene, matakala 20 da wani abu, babu abin dafawa. Yayansa ya goya shi sati guda, yara suka yi ta tsokana, ya ce shi ya bar boko.

Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Legas ma tana da tata dokar tun 2011. Na kai wa shugabar makarantar takarda, ban roƙi gini ba, na roƙi a musanya aji biyu, na ƙasa ya hau, nasu ya sauko. Ta ce sai sabon zango.

Zaman nan ba hutu ba ne a jikinsa. Tsokar da ciwo bai gama da ita ba, rashin aiki na ƙarasa ta, agara ta ɗaure, gwiwa ta ƙage, ƙiba ta hau, musamman ga mai shan firednisolon. Wata uku na zaman ɗaki na iya cin abin da ba zai dawo ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Na yi kuskure, kuma yaro ne ya biya.

A watan jiya na ba wani uba zanen motsin ɗansa, ɗan shekara 7, don ya nema. Ban zauna na yi masa bayani ba, ina sauri in kama mota kafin ruwa. Ya ga layi a ƙasa, ya ga a waya ana cewa taku 10,000 a rana, ya sa yaron hawa da saukar benen maƙwabta safe da yamma. Kwana uku fitsarin yaron ya koma kalar shayi ba madara, cinyoyinsa na ciwo ko taɓawa ba ya so. Allah ya sa uwar ta kira ni. Aka kai shi asibiti a daren, aka sa masa ruwa, aka duba ƙoda. Ya dawo gida, alhamdu lillahi.

Baƙin fitsarin nan tsoka ce ta farfashe ta zubo cikin jini. Tsokar da ba ta da distirofin ta fi yagewa in tana riƙe nauyi tana miƙewa, kamar a saukowa daga bene, gangara, tsalle, tsugunno da tashi a jere. Ba a gina ta da wahala yadda ake gina ta ɗan dambe. Shi kuwa 10,000 ɗin, daga tallar wani agogon ƙirga taku ya samo asali a Japan a 1965. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2020, wadda a karon farko ta saka masu naƙasa, ta ce yara minti 60 a rana, manya minti 150 zuwa 300 a mako, amma ta ce a daidaita da halin mutum tare da masani, kuma kaɗan ya fi babu.

Uban ya ce mini, "Likita, wallahi so nake ya yi ƙarfi." Na ce, "Baba, na sani. Laifin nawa ne da na ba ka takarda ban ba ka bayani ba." Mun tsara abin da zai yi: tafiya a fili mai laushi, wasa da yara ba tsere, miƙar agara kullum, a tsaya kafin gajiya. In washegari ya tashi da ciwo ko ya fi jiya rauni, an wuce gona da iri.

Ba na ƙara barin zane a hannun kowa sai mun zauna a kansa.

Asabar, 16 ga Agusta

Na tara iyaye mata a ɗakin Islamiyya. Dalili, ɗan shekara 6 da ya fi kowa ƙarfi a cikin yaran shi ne na biyu a ƙarancin motsi, kuma babu gwata babu bene a gidansu. Uwar ce ke kulle shi. Abokiyar zamanta ta ji a asibiti an ce ta wajen uwa ake gado, ta mai da shi abin gori.

Na faɗa musu yadda yake. Ƙwayar tana kan abin gadon da ɗa namiji ke karɓa daga uwa. Macen da ke ɗauke da ita, kowane ɗa namiji da za ta haifa rabi da rabi ne. Amma kusan ɗaya cikin uku na masu Dushen, sauyin a kansu ya fara, uwar ba ta ɗauke da komai. Wadda ke ɗauke da shi ma ba ta zaɓa ba, kamar yadda ba ta zaɓi tsayinta ba, kuma ita kanta tana buƙatar a riƙa duba zuciyarta. Yaran ma haka, hoton zuciya a kai a kai, don zuciya tsoka ce.

Sannan na faɗa musu abin da ban taɓa faɗa a taro ba, cewa ni ma ƙanina da shi ya rasu, kuma 'ya'yana mata biyu za su girma su ji wannan magana daga bakina. Ɗakin ya yi tsit. Uwar yaron ba ta ce komai ba, amma ranar Litinin ta turo saƙo cewa ya fita wasan ƙasa a ƙofar gida.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yau ranar Dushen ta duniya. An zaɓi 7 ga watan 9 saboda ƙwayar gadon distirofin gaɓa 79 gare ta, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar a 2023.

Babban yaronmu ya daina tafiya. Ya faɗi a banɗaki makon jiya, bai karye ba, amma bai ƙara yarda ya saki bango ba, yanzu ko tsayuwar ba ya yi. Shekarunsa 11. Ba tare da magani ba yawanci kafin 13 ake kaiwa nan, firednisolon kan ƙara shekara biyu ko fiye, shi kuwa bai taɓa samu a jere ba saboda kuɗi. Na koma kan bayanansa na Fabrairu da Yuni. Jimillar yini ba ta nuna komai ba, dama a ƙasa take. Amma rabin awarsa mafi ƙarfi a kowace rana ta yi ta raguwa tun kafin kowa ya lura.

Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta karɓi wani awo mai kama da wannan tunani, a 2019 a matsayin na taimako, a 2023 a matsayin babban awo a gwajin magungunan Dushen. Na'ura ce a idon sawu, tana duba saurin takun yaro mafi sauri, kashi 5 cikin 100 na sama, a rayuwarsa ta gida. Ba ni da irin tasu. Amma zan iya duba rabin awa mafi ƙarfi na kowa, in ta fara sauka in matsa a nemi keke, a gyara ƙofar banɗaki, a fara takalmin dare mai riƙe ƙafa kada agara ta ɗaure, tun kafin faɗuwa.

Da na je kwance ɗamarar daga ƙugunsa ya ce, "Anti, yanzu me za ta ƙirga?" Na ɗaura masa a wuyan hannu na ce ta ƙirga rubutun allo, da cin tuwo, da jifan ƙwallon roba da ƙaninsa. Ɗamarar ta yi masa yawa, sai da na ninka ta biyu.

Asabar, 4 ga Oktoba

Inda aka kwana: mutum bakwai sun cika zagaye biyu, biyu sun cika uku. Malamina ya ƙara mini wa'adin aron zuwa Maris, don in samu azumi na biyu in gwada da na farko. Na'ura ɗaya ta fara wasa da caji, saura uku da na amince da su.

An sauko da ajin ɗan shekara 9, ya koma makaranta. Saura gwata. Mai gidan hayar ya yarda a sa katako uku a jere da abin dafawa a gefe ɗaya, mazan layin sun haɗa kuɗin bayan sallar Juma'a. Tela ya karɓi ɗamara biyu zai rage su daidai hannun yara, ya ce ba zai karɓi ko sisi ba. Keken babban yaron har yanzu muna nema, wanda aka kawo na manya ne, yana zamewa a ciki, kuma zama a karkace shi ke jawo lanƙwasar ƙashin baya.

Kafinta ya ce Talata zai gama. Laraba bayan asuba zan je in ɗaura wa yaron na'ura, kwana bakwai, har da Juma'a.